Haƙoran Giya da Lakar Agusta

Ranar da aka jawo motar Milka da igiya zuwa garejin Yafet, a bayan layin dogo na Kafanchan, duk wanda ke wurin sai da ya ajiye abin da yake yi ya bi ta da kallo. Tsohuwar Landkuruza ce mai buɗaɗɗen baya, fentinta ya koɗe, amma an ɗora ta a kan wasu tayoyi huɗu da suka kusa kai wa mutum ƙugu. Milka tana zaune a kan sitiyari, ta ɗaure fuska tamau, don ta san dariya ake shirin yi mata.

Bakaniken bai yi dariya ba. Ya fito daga ƙarƙashin wata bas yana goge hannu, ya zagaya motar sau biyu, ya durƙusa ya leƙa ƙasanta. Sai da ya miƙe sannan ta lura da idanunsa, masu sanyi, irin na mutumin da bai saba da yawan magana ba.

"Sista, wa ya sa maki wannan taya?"

"Ni na sa. Akwai laifi ne?"

"Laifi babu. Aksul na baya ne ya karye. In na sa sabo yau, kafin Lahadi zai sake karyewa."

"To kai ba ka iya aiki ba ke nan."

Nan ne ya ɗan murmusa. Ya ɗauki alli ya tsuguna ya zana mata ƙaramin da'ira da babba a kan siminti. Ya ce babbar taya nauyi gare ta, kuma juyinta ɗaya ya fi na ƙarama nisa, don haka ƙarfin da injin yake turowa ba ya isarta. A cikin tukunyar ƙarfen nan da ke tsakiyar aksul, wato sandar da ta haɗa taya da taya, akwai giya biyu masu haƙora, babba da ƙarama, su ke juya taya. Dole a canza su, na baya da na gaba, a sa masu jan nauyi. A sa aksul mai kauri, a canza kuloci, a ɗaga jikin motar kada taya ta riƙa cin bodi.

"Kin saya wa jaki kayan raƙumi," in ji shi, "sai mu ƙara wa jakin ƙashi. Amma me za ki yi da taya haka? Yaƙi za ki?"

Milka ta kau da kai. Ba ta saba ba wa kowa wannan amsa ba.

Ƙauyensu, Ungwan Kumai, tafiyar awa ɗaya da rabi ce daga Kafanchan idan rani ne. Idan damina ta yi nisa kuwa, akwai wata fadama kafin a shiga gari da ke zama laka zalla, ta raba su da duniya har wata uku. Shekara biyu da suka wuce, a watan Agusta, ciwon ƙirji ya kama mahaifinta, Baba Abednego. Da yake bai haifi namiji ba, ita ya koya wa tuƙi, ita kuma ta ɗauko shi a wannan motar. A tsakiyar fadamar motar ta nutse har ciki. Maza suka ciro ƙyauren ɗaki suka ɗora shi a kai, amma bai kai ɗaya gefen da rai ba. Yayarta Emilia, da ke aure a Sabon Tasha, sai bayan an binne shi da kwana biyu ta iya isowa.

Tun daga nan gidan ya koma mutum biyu, Milka da Mama. Su noma citta tare, su ci tuwo tare, wani lokaci a yini ba a yi magana goma ba. Ƙawayenta duk sun yi aure sun bar gari. Kaɗaici ya zame mata kamar zanin gida, kullum yana jikinta har ta daina lura da shi.

Ba ta san dalili ba, sai ta ji bakinta yana ba wa wannan baƙon labarin duka. Yafet bai ce mata ta yi haƙuri ba, kamar yadda kowa yake cewa. Ya daɗe yana kallon tayoyin, sannan ya ce, "Bar mini shi. Zai ƙetare."

A Ungwan Kumai waya ba ta kamawa sai a kan wani falalen dutse da ke bayan coci. Da Milka ba ta hawa dutsen sai in za ta kira Emilia. Yanzu kullum da la'asar, in ta dawo daga gona, sai ga ta a can, wai tana bin labarin mota ne. Mu dai mun ji, ba mu ce komai ba.

Yafet ya rubuto: "Barka da yamma, Direba. Yau na buɗe tukunyan baya. Na sa sabon giya, babban haƙori talatin da tara, ƙaramin takwas. Na ƙirga sau uku. Kin ci abinci?"

Ta amsa: "Sannu da aiki, Mai Ƙirga Haƙora. Na ci. Kai fa, ko ƙarfe kake ci?"

"Indomi ne da rediyo. Ni da shi muke hira tun da na bar Samaru Kataf. Amma kwanan nan na fi son ƙaran saƙo."

Ta karanta wannan har sau biyar kafin ta sauko. A hanya ta ji tana rera waƙar coci, abin da rabonta da shi tun rasuwar Baba.

Ranar kasuwa takan hau acaɓa ta je duba aiki, da ɗan ƙunshin gyaɗa ko dafaffen rogo. Ya nuna mata sabon aksul, ya sa ta ɗaga shi ta ji nauyinsa. Ya koya mata yadda ake shafa wa haƙoran giya jan fenti a juya, a ga ko sun haɗu daidai a tsakiya. Kafin watan Mayu ya ƙare, ya daina ce mata Direba, ya koma Direbata. Wata rana kuma, yana wanke hannu da fetur, bai ko ɗago kai ba ya ce, "Milka, ina so in turo mutanena wurin Mama."

Da Milka ta kai maganar gida, Mama tana ɓare gyaɗa a ƙofar ɗaki. Ba ta daina ba.

"Ɗan ina ne?"

"Bakanike ne a Kafanchan, Mama. Mai tsoron Allah ne."

"Mijin Emilia ma mai tsoron Allah ne. Tsoron Allah ya kawo ta ranan da ubanki ya mutu?" Ta watsa ɓawon a ƙasa. "Ga Gershon nan, gidansa muna jin caran zakaransa. Yana da tarakta, matansa ta rasu, ya yi maganan ki sau biyu. In kin shiga gidansa, ko tari na yi za ki ji."

"Mama, ba na son Gershon."

"Ni kuma ba na so in mutu ni kaɗai, kaji su fara sani kafin 'ya'yana."

Wannan magana ta soki Milka, don ta san ba mugunta ba ce, tsoro ne. Idan ta bi Yafet ta bar Mama a bayan laka. Idan ta zauna, ta binne zuciyarta da hannunta. Ta durƙusa tana kuka a hankali, har Mama ta gaji da jin kukan.

"A garin nan kowa Disamba yake zuwa neman aure, lokacin da hanya ya bushe, kowane namiji jarumi ne. To ni na ƙi. In da gaske yake, ya kawo mutanensa gaisuwa a tsakiyan Agusta. Da mota, ba da ƙafa ba, har ƙofan gidan nan. In ya kasa, kada ki ƙara kawo mini sunansa."

Milka ta hau dutse ta rubuta masa duka. Amsarsa ba ta daɗe ba: "Mama ta yi gaskiya. Asabar na uku a Agusta. Giyan gaba yana hanya daga Kaduna. Kada ki damu, Direbata."

A tsakiyar Yuni ya rubuto cewa giyar gaba ta iso, gobe zai ɗaura, jibi ya kawo mata motar da kansa. Jibi ta zo ta wuce. Milka ta hau dutse, babu saƙo. Washegari ma haka. Ta kira, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ta zauna a kan dutsen nan ana yayyafi, tana kallon hadari yana haɗuwa ta gabas, ta ji kaɗaicin da ta zata ta rabu da shi ya dawo, ya ma fi na da ciwo, don yanzu ta san yadda rashinsa yake.

A kwana na tara Gershon ya kawo musu taki a bayan tarakta. Mutum ne mai kirki, ba ya ƙarya, wannan ne ma ya sa maganarsa ta fi zafi.

"Na bi ta garejin jiya, Milka. A rufe yake. Motanki yana kan duwatsu, an cire masa ciki. Ban ce komai ba fa, abin da na gani ne."

Mama ta dubi 'yarta, ta ci gaba da tankaɗe. Da ma ta yi faɗa da ya fi sauƙi.

Da la'asar Milka ta hau dutse ta rubuta: "Yafet, in aikin ya fi ƙarfinka ka faɗa mini. In ni ce ka gaji da ni, shi ma ka faɗa. Motan Babana ne kaɗai abin da ya bar mini. Ka dawo mini da shi ko a cikin buhu ne."

Washegari ta tsallaka fadamar da ƙafa ta gefen gonaki, ta samu acaɓa zuwa Kafanchan. Yadda Gershon ya faɗa haka ta tarar. Tana tsaye tana shafa ƙofar motar sai Malam Sambo, dattijon da ke facin taya a gefen garejin, ya kira ta.

"'Yata, zo ki zauna. Yafet ya ce kada in faɗa miki, amma ni ban yi masa alkawari ba."

Ya jawo wani buhu ya zazzage. Gutsattsarin ƙarfe ne baƙi ƙirin da mai.

"Wannan shi ne akwatin da yake raba ƙarfi tsakanin tayoyin gaba da na baya. Kin san ƙa'idar aikin, giyar gaba da ta baya dole su zama iri ɗaya, in ba haka ba gaba na gudu baya na ja, sai wani abu ya fashe a tsakiya. Shekara shida ina zaune kusa da yaron nan, ban taɓa ganin ya ɗaura giya bai ƙirga haƙoranta ba. Ran nan kwali ya iso, an rubuta talatin da tara da takwas a jiki. Ya ce mini, Malam, jibi zan gan ta. Yana fito da ita yana ɗaurawa. Ashe abin da ke ciki arba'in da ɗaya ne da tara. Ya fita gwaji, ya sa oziliyari, giyar da ke sa tayoyi huɗu su ja tare, a kan busasshiyar hanya, ko gidan mai bai kai ba muka ji ƙara." Malam Sambo ya girgiza kai. "Sauri ya haifi nawa. Ya zauna a ƙasa nan kamar an yi masa mutuwa, yana cewa ya fasa kayan marigayi. Da gari ya waye ya tafi nema. Kaduna, Jos, jiya na ji yana Anacha."

Milka ta ɗauki guntun ƙarfe ɗaya ta juya shi. Haushi take so ta ji, amma dariya da hawaye suka zo mata tare. Mutumin da ke ƙirga komai sau uku, ɗokin ganinta ya hana shi ƙirga ko sau ɗaya.

Tana nan zaune wayarta ta yi ƙara.

"Milka, na karanta saƙonki tun jiya. Ban gaji da ke ba, kunya ne ya rufe mini baki. Na yi kuskuren da ko ɗan koyo ba zai yi ba, na fasa abin Baba. Na ce ba zan yi magana ba sai na samo wani. Yau na samu, da giyan da ya dace. Ki gafarta mini."

Ta rubuta: "Ƙarfe ka fasa, ana samun wani. Shirun da ka yi mini ne ya kusa fasa abin da ba a sayarwa a Anacha. Kada ka ƙara. Ka dawo, ni zan riƙe alli."

Haka kuwa aka yi. Ranar da ya dawo, ya rame, ya kasa haɗa ido da ita. Ta karɓi allin, tana ɗiga wa kowane haƙori fari yana ƙirgawa da ƙarfi, Malam Sambo na shaida. Talatin da tara. Takwas. Ta sa shi ya sake, ya kuma sakewa, sannan ta ce ta yafe. Sauran aikin ya ci watan Yuli duka, don bayan an ɗaura akwatin sai da aka gyara tsawon farfela, sandar da ke kai ƙarfin inji ga tayoyi, aka ƙara wa birki ƙarfi, aka gwada motar a kwatar yashi ana dawowa ana sake ɗaurewa. Ba a fafe gora ranar tafiya, in ji Malam Sambo.

Asabar ta uku a Agusta ta zo da ruwa tun safe, bai tsagaita ba sai wajen sha ɗaya. Milka ta gama girki ta kasa zama, ta nufi bakin fadama. Da ta waiwaya sai ta ga Mama a bayanta da lema. Rabon Mama da wurin nan shekara biyu. Rabin gari ma sun fito, har da Gershon da taraktarsa da sarƙa. Ya ce wa Milka ba don mugunta ya zo ba, dattawa ne a motar, bai kamata su yini a laka ba.

Can sai ga Landkuruza ta ɓullo a ɗaya gefen, ta yi tsayi kamar ba ita ba, kawun Yafet da wasu dattawa biyu a baya sun lulluɓa da leda. Ta iso bakin laka ta tsaya. Aka ga Yafet ya fito, ya cire takalmi, ya naɗe wandon sabuwar shaddarsa, ya shigo lakar da ƙafa.

"Ya ji tsoro," wani ya ce.

Ya tsallako ya iso da laka har cinya. Ya durƙusa a gaban Mama ya gaishe ta.

"Na ce da mota," in ji Mama.

"Da mota ne, Mama. Amma ranan da za ki buƙaci 'yarki, wataƙila ni ina Kaduna neman kaya. Ita ce za ta tuƙo. Gara ki gani da idonki yau." Ya juya ya miƙa wa Milka makulli.

Ta kalli makullin, ta kalli fadamar. A tsakiya akwai wani kututturen ɗinya, daidai inda motar ta nutse wancan karon. Tun ranar ba ta ƙara bi ta wurin a damina ba, ko da ƙafa sai ta zagaya.

"Ba zan iya ba, Yafet," ta ce a hankali.

"Ina gefenki. Ke kika riƙe alli, kin san abin da ke cikinsa."

Suka tsallaka tare. Ta gaida dattawa da laka a zaninta, ta hau kujerar da Baba ya koya mata tuƙi a kai. Yafet ya murɗa makullan tayoyin gaba don su ma su ja, ya shigo.

"Oziliyari, giya biyu. Kada ki taɓa kuloci. Ko me kika ji, kada ki tsaya."

Motar ta sa kai. Laka ta yi ta tsartuwa ta ko'ina, injin yana gurnani a hankali, ba ya kuka irin na da. Da suka kusa kututturen sai baya ya zame gefe, tayoyin suka yi juyi ɗaya a banza. Milka ta ga ƙyauren ɗaki a idonta, ta ga hannun Baba yana lilo, ƙafarta ta fara janyewa daga totur.

"Milka, dubi gaba. Dubi Mama."

Ta ɗago. Can a gefen tudu Mama ta yar da lema, ta shigo lakar har idon sawu, ta miƙo hannu biyu kamar mai tarbar yaro da ke koyon tafiya. Milka ta taka. Tayoyin gaba suka kama ƙasa, na baya suka bi su, kututturen ya wuce ta taga. Ba ta san tana kuka ba sai da motar ta hau tudu mata suka ɓarke da guɗa. Gershon ya naɗe sarƙarsa, ya zo ya ba wa Yafet hannu.

Mama ta nufo motar. Ta zagayo ta buga ƙofar gefen da Yafet yake.

"Sauka, ɗana, ka hau baya. Ni zan zauna kusa da direba."

Haka suka shiga gari har ƙofar gida, Mama ta dafa gwiwar 'yarta ba ta ɗauke hannu ba.

Ba a jira Disamba ba. A ƙarshen Satumba aka ɗaura auren a cocin Ungwan Kumai, ana yayyafi, Emilia da 'ya'yanta a layin gaba, don amarya da kanta ta je ta ɗauko su daga tasha. Fasto ya sa musu albarka, ikilisiya ta amsa da amin, aka ci aka sha aka yi rawa har laka ta ɓata fararen takalma.

Da lokacin tafiya ya yi, Milka ta durƙusa a gaban Mama, kukan da ta riƙe tun safe ya ƙwace mata.

"Mama, zan bar ki ke kaɗai."

Mama ta ɗago ta, ta haɗa hannunta da na Yafet.

"Ubangiji ya tsare fitanku da shiganku, ya cika gidanku da muryoyi. Tashi ki tafi, 'yata. Ranan auren Emilia na yi kuka don na san hanya zai rufe a bayanta. Ke kam ko sama ya tsage, in na kira, za ki zo."